Kowa Ya Karanta, Mai Ɗaki Ya Rubuta: Mallaka da Izini a Ma'ajiyar Taswira ta Tarayya

 

Aikin taswira a kwamfuta ya daɗe da wuce ƙarfin mutum ɗaya. Hoto guda na tauraron ɗan'adam Sentinel-2 yakan kai ɗaruruwan megabait, kuma wanda ke bibiyar ruwan damina a kwarin Haɗeja ba hoto ɗaya zai sauke ba, na wata da watanni zai tara. Ga tsadar data, ga matsalar wuta, ga kwamfutocin hannu da ba sa iya ɗaukar nauyin. Shi ya sa ofisoshi da sassan jami'a sukan haɗa ƙarfi a sayi na'ura guda mai ƙarfi, a mai da ita sabar, a zuba bayanai a wuri ɗaya, kowa ya riƙa shiga da asusunsa. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ina goyon bayanta. Amma ranar da mutum na biyu ya shiga na'urar, ranar tambaya ke tasowa: wa ke da ikon taɓa me? Tambayar kuma takan ƙara tsanani idan aka fara rubuta jerin umarni da Python ko da bash domin na'ura ta riƙa aikin da kanta, domin daga nan ba mutum kaɗai ke shiga ma'ajiyar ba.

Zan gina maganata a kan manhajar GRASS. Na zaɓe ta ne don kyauta ce, kowa a nan zai iya sauke ta, kuma don ita ta ɗauki matsaya ƙarara a kan wannan batu, inda wasu manhajojin suka bar mutane su sasanta tsakaninsu. An fara gina ta a 1982 a wani ɗakin bincike na injiniyoyin sojan Amurka da ke Champaign a jihar Illinois, domin kula da filayen da ke hannun soja. Daga baya Jami'ar Baylor ta riƙe ta, a 1999 aka sake ta ƙarƙashin lasisin GPL, sannan ta shiga cikin manhajojin da aka kafa gidauniyar OSGeo da su a 2006. Abin lura a wannan tarihi shi ne zamanin da aka haife ta. A farkon shekarun 1980 ba kowane ma'aikaci ke da kwamfutarsa ba. Na'urar Unix guda ce, mutane da yawa ke aiki a kanta lokaci ɗaya. Wato halin da muke ciki a ɗakunan bincikenmu yau, shi ne halin da aka tsara manhajar dominsa tun ranar farko.

Tsarinta hawa uku ne. Akwai babbar folda, ma'ajiyar bayanai. A cikinta akwai foldodin da aka daɗe ana kira location, waɗanda daga fitowa ta 8.4 a 2024 ake kira project. Zan riƙa ce musu filin aiki. Kowane filin aiki tsarin ma'aunin ƙasa guda yake da shi. Wanda ke aikin Kano ko Damagaram da ma'aunin UTM zai kafa fili a shiyya ta 32, na Sakkwato ko Yamai a ta 31, na Maiduguri a ta 33. A cikin filin aiki kuma akwai ƙananan foldodi da ake kira mapset, mu ce ɗakunan taswira. Ɗaya daga cikinsu sunansa PERMANENT, da manyan baƙaƙe, shi ake fara ƙirƙira, kuma a cikinsa bayanin tsarin ma'auni da iyakokin fili na asali suke. A al'ada nan ake ajiye taswirorin da kowa ke buƙata: tsayin ƙasa, hanyoyi, koguna, iyakokin ƙananan hukumomi.

Dokar guda ce, kuma gajera: kana iya karanta taswira daga kowane ɗaki da aka buɗe maka, amma ba ka rubutu sai a ɗakin da kake ciki, ba ka kuma shiga ɗaki ka zauna sai wanda yake mallakinka. Duk wanda ya tashi a gidan gandu ya san wannan zama. Rijiyar tsakar gida ta kowa ce, kowa na ja, ana aron turmi ana aron tsani, amma ba mai shiga sashen ɗan'uwansa ya sake wa kaya wuri, ko da kuwa ƙofar a buɗe take. Idan kana son taswirar tsayin ƙasa da ke ɗakin tarayya, sai ka kira ta da sunanta da na ɗakinta, misali tsayi@PERMANENT, ka yi lissafinka da ita, sakamakon ya sauka a naka ɗakin. Asalin taswirar ba abin da ya same ta.

To yaya na'ura ke sanin mai ɗaki? Mu matso kusa mu duba. Idan ka buga ls -l a cikin filin aiki a Linux, kowane ɗaki zai fito da layinsa, farkon layin kuma wani abu ne kamar drwxr-xr-x, sai sunan mai shi, sai sunan rukuni. Harafin d na cewa folda ce. Sauran tara ɗin kashi uku ne, uku-uku: na farko na mai shi, na biyu na 'yan rukuni, na uku na sauran jama'a. A kowane kashi r izinin karatu ne, w na rubutu, x kuma a kan folda izinin wucewa ciki ne. Ana rubuta su da lamba: karatu 4, rubutu 2, wucewa 1. Saboda haka wancan layi shi ne 755: mai shi yana da duka ukun, kowa kuma na iya shiga ya karanta, ba ya iya rubutu. Sunan da kake gani kuwa ado ne kawai don idon mutum. Abin da na'ura ta sani lamba ce. A Ubuntu da Debian mutum na farko da aka buɗe wa asusu shi ne 1000, na biyu 1001, shugaban na'ura da ake kira root shi ne 0, asusun da sabar shafin intanet ke aiki da shi, www-data, shi ne 33. Ku riƙe wannan batu na lamba, za mu dawo kansa.

Abin da GRASS ta ƙara a kan wannan shi ne wurin da mutane ke tuntuɓe. Kafin kowane umarni nata ya fara aiki, sai ya duba lambar mai ɗakin, ya kwatanta da lambar wanda ya kira shi. In ba su zo ɗaya ba, sai ya tsaya, ya rubuta a allo: MAPSET PERMANENT - permission denied, ko sunan duk ɗakin da aka nema. Ba ta tambaya ko kana da izinin rubutu. Tambayarta ita ce, naka ne? Shi ya sa za ka ga mutum ya buga chmod 777 a kan foldar gaba ɗaya, ya buɗe wa duniya karatu da rubutu, ya sake gwadawa, saƙon bai canza ba. Sai ya ce bari ya yi da sudo. Nan ma a hana shi, domin lambar root sifili ce, ɗakin kuma na 1001 ne. Daga nan sai a fara cewa manhajar ta lalace.

Ba ta lalace ba. Tana kare ku ne daga wata ɓarna da ba ta ihu, kuma a nan nake so in ɗan daɗe.

A cikin kowane ɗakin taswira akwai wani ɗan fayil mai suna WIND. Layuka kaɗan ne a ciki: iyakar arewa, kudu, gabas da yamma, da girman kowace ƙwayar taswira. Duk lissafin da za a yi a kan taswirar hoto, wannan fayil yake dubawa ya san inda zai fara, inda zai tsaya, da yadda zai yanka ƙasar. Umarnin g.region shi ke sauya shi. Fayil ɗin na ɗaki ne, ba na mutum ba. Yanzu mu ɗauka an cire shingen, mutum biyu na aiki a ɗaki ɗaya. Wata ɗaliba ta rubuta jerin umarni na lissafin magudanan ruwa daga madatsar Tiga zuwa Haɗeja. Layin farko ya saita iyaka a kan kwarin gaba ɗaya, ƙwaya mita 30, daidai da bayanan tsayin ƙasa na SRTM. Layi na biyu ya kira r.watershed, wanda zai ɗauki lokaci. Tana jira, sai wani abokin aiki ya tayar da nasa, na auna yadda gine-gine suka ƙaru a cikin birnin Kano, ya saita iyaka a kan birni kawai, ƙwaya mita 10. Umarnin ɗalibar da ke kan aiki zai gama lafiya, domin ya riga ya karanta iyakarsa. Amma na gaba da shi zai buɗe WIND ya tarar da iyakar birnin Kano, ya yi mata lissafi a kai. Ba saƙon kuskure, ba gargaɗi. Taswira za ta fito da launukanta, jimillar faɗin ƙasar da ruwa zai iya shafa za ta fito da lambobinta, kuma ƙarya ce. In ta yi sa'a ta lura da cewa taswirar ta tsuke. In lambar kaɗai take ɗauka zuwa jadawali, shi ke nan ta shiga rahoto.

Haka labarin MASK yake, har ya fi wancan ɓoyewa. Duk taswirar hoto da aka sa wa wannan suna a ɗaki, ta zama mayafi a kan dukkan karatun da za a yi daga wannan ɗakin: abin da ke wajenta tamkar babu shi. Mutum ya sa mayafi a kan ƙaramar hukuma guda don aikinsa, ya manta bai cire ba, ko ma bai gama ba tukuna, duk wanda ke tarayya da shi a ɗakin ƙaramar hukumar nan kaɗai zai riƙa gani. Sai kuma bayanan da ke rataye da taswirar layi da ɗigo, sunayen garuruwa da yawan jama'a da makamantansu. Tun daga GRASS 7 ana ajiye su ne a fayil guda na SQLite a kowane ɗaki, shi kuwa SQLite marubuci ɗaya yake karɓa a lokaci guda. Ga kuma sunaye: mutum nawa ne a cikinmu ke sa wa taswirar wucin gadi suna tmp ko gwaji? Biyu suka yi haka a ɗaki ɗaya, kuma rubutunsu na ɗauke da izinin rubutawa a kan tsohuwa, ɗaya ya shafe na ɗaya.

Akwai kariya ta biyu bayan ta mallaka. Idan ka buɗe zama a ɗaki, manhajar na ajiye wani ɓoyayyen fayil, .gislock, ɗauke da lambar aikin da ya buɗe. Wani zama ya zo ya tarar da shi, sai ya ƙi shiga. Sai dai wannan kwaɗo yana da rauni biyu da mai rubuta umarni ya kamata ya sani. Lambar da ke ciki ta na'urar da ta rubuta ta ce, saboda haka in ma'ajiyar na kan faifan da na'urori da yawa ke gani, wata na'urar ba ta da hanyar tantance ko mai lambar na raye. Na biyu, rubutun Python da ya kafa wa kansa zama kai tsaye, bai bi ta ƙofar manhajar ba, a yawancin fitowar da ke hannun mutane ba ya ɗaura wannan kwaɗo sam. A wurin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, za ku kuma riƙa tarar da kwaɗon da aka bari a rataye bayan na'ura ta mutu. Cire shi halal ne, amma sai bayan ka tabbatar ba wani aiki da ke gudana a ɗakin. Na ga rubutun da layinsa na farko shi ne goge .gislock, ko da akwai mai aiki ko babu. Wanda ya rubuta haka ya cire kariyar ne gaba ɗaya, kuma abokan aikinsa ba su sani ba.

Yanzu ga maganin da kowa ke samowa cikin minti kaɗan na bincike. Akwai wani saiti mai suna GRASS_SKIP_MAPSET_OWNER_CHECK. Ka ba shi kowace ƙima, manhajar ta daina duba mallaka. Ba na cewa haramun ne. Masu manhajar da kansu suka samar da shi, kuma akwai inda ba makawa sai da shi. Filashin da aka tsara da FAT32 ko exFAT ba ya ajiye sunan mai fayil ko kaɗan; lambar da aka ɗaura shi da ita, ita ce mai komai. Faifan Windows da aka jawo ta Samba sau da yawa haka yake nunawa, mutum ɗaya ne mai duka. A irin wannan hali ɗakin naka ne a gaskiya, na'urar ce ba ta da bakin faɗa, don haka tsallake dubawar bai cuci kowa ba. Abin da nake ƙi shi ne a sa wannan saiti a fayil ɗin da kowa ke gado idan ya shiga sabar, domin mutum goma su samu damar zama a PERMANENT tare. Wannan ba gyara ba ne. An kashe ƙararrawa ne kawai, ɓarnar da na bayyana ta WIND da MASK kuma tana nan tana jira.

Sau da yawa ma asalin ciwon lambar nan ce da na ce ku riƙe. A kwamfutarka kai ne 1000. A sabar, wanda aka fara buɗe wa asusu shi ne 1000, kai kuma 1004. Aka haɗa su ta NFS, wanda a tsarinsa na yau da kullum lamba yake kallo, sai ɗakinka ya fito da sunan wani, nasa ya fito da naka. Maganin wannan shi ne a daidaita lambobin a dukkan na'urorin, ko a riƙa ba da asusu daga wuri ɗaya. Aikin yini guda ne ga mai kula da na'ura, kuma ya fi shekara guda ta toshe-toshe. Docker ma haka: in ba ka faɗa masa ba, da root yake aiki, duk ɗakin da ya ƙirƙira a foldarka sai ya zama na lamba sifili, washegari kai da ka tayar da shi a hana ka shiga. Ka ba shi lambarka da zaɓin --user tun farko, magana ta ƙare.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi so ɗalibai su fita da shi: duk rubutun umarni da sunan wani yake aiki. Ka tayar da shi da hannunka, kai ne. Ka sa shi a jadawalin cron ya tashi ƙarfe biyun dare, mai jadawalin ne, kuma ba tare da yawancin saitocin da ka saba samu idan ka shiga da kanka ba. Ka rataya shi a shafin intanet domin jama'a su danna maɓalli su samu taswirar unguwarsu, www-data ne, kuma in mutum hamsin suka danna a minti ɗaya, su hamsin ɗin duk www-data ne. A nan duba mallaka ba zai cece ka ba, domin a idon na'ura mutum ɗaya ne ke aiki. Saboda haka a aikin da na'ura ke yi da kanta, ɗaki ɗaya ga kowane mutum bai isa ba. Kowane tashi na aiki sai an ba shi nasa ɗakin.

Kuma abu ne mai sauƙi. Sababbin fitowar GRASS na da zaɓin --tmp-mapset, wanda idan aka haɗa shi da --exec zai ƙirƙiri ɗaki na wucin gadi a filin aikin, ya gudanar da rubutunka a ciki, ya share ɗakin idan an gama. WIND ɗinsa daban, MASK ɗinsa daban, sunayensa daban. Sharaɗin kawai shi ne ka fitar da sakamakon kafin a rufe, misali da r.out.gdal zuwa fayil ɗin GeoTIFF. Mai tsohuwar fitowa sai ya ƙirƙiri ɗakin da kansa, ya sa masa sunan da ba zai maimaitu ba, kamar sunan na'ura haɗe da lambar aiki, ya kuma ba kowane zama nasa fayil ɗin GISRC, wanda shi ke riƙe da bayanin ɗakin da ake ciki. Manhajar actinia, da kamfanin mundialis na birnin Bon a Jamus ya gina domin gudanar da GRASS ta intanet ga mutane da yawa, a kan wannan tunani take tafiya: a yi lissafi a wuri na wucin gadi, ma'ajiyar dindindin kuma a karanta ta kawai.

Saura tsarin foldar kanta. Ga yadda nake ba da shawara a yi. A buɗe rukuni guda, a ce masa taswira, a sa duk ma'aikatan a ciki. Foldar filin aiki ta zama ta wannan rukuni, da izini 3775. Lambobi ukun ƙarshe kun gane su: mai shi da 'yan rukuni na iya ƙirƙirar sabon ɗaki, sauran jama'a kallo kawai. Ukun da ke gaba kuwa abu biyu ne aka haɗa. Biyu na sa duk abin da aka ƙirƙira a ciki ya gaji rukunin, ba sai an bi shi da chgrp ba. Ɗaya kuma na hana kowa gogewa ko sauya sunan abin da ba nasa ba, irin kariyar da ke kan foldar /tmp. Wannan ɗayan mutane ke mantawa, alhali a Unix ikon cire abu daga folda yana hannun mai izinin rubutu a foldar ne, ba a hannun mai abin ba. In babu shi, kowane ɗan rukuni na iya sauya wa PERMANENT suna da umarni guda, filin aikin gaba ɗaya ya daina buɗuwa.

A nan zan saɓa wa wata shawara da ta yaɗu. Masu kula da sabar sukan ce, in folda ta tarayya ce a mai da umask zuwa 002, domin duk fayil ɗin da wani ya ƙirƙira 'yan rukuni su iya gyara shi. A foldar takardun ofis wannan daidai ne. A ɗakunan taswira kuskure ne. GRASS za ta hana ɗan'uwanka zama a ɗakinka, amma ba ta da iko a kan rm, ko a kan rubutun share-share da wani ya yi kuskuren harafi ɗaya a cikinsa. A bar shi 022, ko 027 in ba a son wanda ba ɗan rukuni ba ya leƙa.

PERMANENT kuma a ba shi asusu na musamman, wanda ba wanda ke aikin yau da kullum da shi. Ta yaya sabuwar taswira za ta shiga ciki ke nan? Wanda ya gama aikinsa ba ya tura ta. Yana sanar da mai kula da ɗakin tarayya, shi kuma ya duba ta, ya jawo ta da g.copy daga ɗakin mai ita. Wasu na ganin wannan jinkiri ne. Ni ina ganin shi ne kaɗai lokacin da ido na biyu ke sauka a kan taswira kafin mutum ashirin su ɗora aikinsu a kanta. Taswirar iyakokin gunduma da aka shigar a kan ma'aunin Minna alhali an ɗauka WGS 84 ce, kowane abu a cikinta ya goce da gomman mitoci, kuma a wannan mataki ne ake kama irinta.

Wanda ba ya amfani da GRASS kada ya ce bai shafe shi ba. Fayil ɗin GeoPackage da QGIS ke so, SQLite ne a ciki, kuma mutum biyu su buɗe shi suna gyara ta faifan tarayya hanya ce ta lalata shi. Shapefile ma ba shi da wata kariya: wanda ya adana daga baya shi ya ci. In da gaske ana buƙatar mutane da yawa su riƙa gyara taswira guda a lokaci guda, kamar rajistar filaye, wurin wannan shi ne PostgreSQL da PostGIS, inda kowa ke da matsayinsa, a ba wannan karatu, a ba wancan rubutu a jadawali kaza. Can ma in aka raba wa kowa kalmar sirrin babban asusu, an koma gidan jiya.

Ban taɓo sirri ba tukuna, kuma yana da nauyi. Taswirar tsayin ƙasa ba ta cutar da kowa in ta fita. Amma a ƙasar nan ana taswirar gidaje domin rigakafi, ana taswirar filaye da sunayen masu su, ana taswirar sansanonin waɗanda rikici ya raba da muhallinsu. Ɗigo a kan irin wannan taswira ƙofar gidan wani ce. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma ko da babu doka, amana ce. Umarnin g.access na ba mai ɗaki damar rufe shi ga rukuni ko ga sauran jama'a, sai dai ba ya yarda a rufe PERMANENT, domin kowa na buƙatar karanta tsarin ma'auni daga can. Ma'anar wannan a aikace ita ce, bayanan mutane ba sa shiga ɗakin tarayya ko da wasa. A yi musu ɗakinsu, da rukuninsu na waɗanda aikin ya shafa kaɗai, da izini 750. Wanda ya buga 777 a kan ma'ajiyar don ya kuɓuta daga saƙon kuskure, ya buɗe wannan ɗakin ma ga duk mai asusu a na'urar, har da www-data da ke fuskantar intanet.

Abu na ƙarshe ya shafi shugabannin sassa fiye da masu rubuta umarni. Mutane na tafiya. Ɗalibi ya kammala, mai yi wa ƙasa hidima ya cika shekararsa, ma'aikaci ya samu canjin wurin aiki. Ɗakinsa na nan da lambarsa a kai. In aka goge asusun aka bar ɗakin, ls zai riƙa nuna lamba tsirara a gurbin suna, kuma ranar da aka buɗe sabon asusu na'ura na iya ba shi wannan lambar, baƙo ya wayi gari shi ne mai aikin shekara uku na wani, har da abin da aka rufe na sirri. Saboda haka miƙa ɗaki ya shiga cikin takardar sallama, kamar yadda ake karɓar makullin ofis. Kafin a sa hannu, mai tafiya ya zauna da wanda zai gaje shi, su ware abin da ya cancanci shiga ɗakin tarayya, su share na gwaji, sannan mai kula da na'ura ya mai da mallakar da chown zuwa ga magajin. A duba jadawalin cron ɗinsa ma, domin aikin dare da ke tashi da sunansa zai tsaya ranar da aka rufe asusun, kuma yawanci ba a ankara sai an nemi taswirar makon an tarar ba ta fito ba. Irin waɗannan ayyuka na dindindin tun farko a ɗora su a kan asusun aiki, a rubuta a littafin sashe wane ne ke da alhakinsa, da wanda zai riƙe in ba ya nan.